Lambobi Huɗu da Tandun Kaka

Ƙarfe tara da minti goma sha biyu na safiyar Alhamis abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin akwai agogon bango a saman kan jami'in da ke zaune a teburin kaya a Magamar Jibiya, kuma agogon nake ta kallo saboda na kasa kallon fuskarsa.

Tun da na dawo daga Maraɗi ƙawayena na ɗaki suke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Kullum sai in ce lafiya lau, su ce ba su yarda ba, mutum ba ya ƙetare ƙasa ya dawo da kalma biyu. Sun san ni sarai, bakina ba ya iya ba da labari. To ga shi na rubuta, kowacce ta karanta ta bar ni in huta.

Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce. Ta rasu ina da shekara biyar, kuma tun daga lokacin ban sake taka garin ba, sai dai gaisuwa ta waya. Da muka shiga shekarar ƙarshe a jami'a na zaɓi in yi bincikena a kan sunayen abinci da kayan girki tsakanin Katsina da Maraɗi. Na gaya wa kowa don karatu ne. Rabin gaskiya ke nan, sauran rabin kakata nake son gani.

Tabilet ɗina, wato 'yar kwamfutar nan mai kamar allo, gilashinta ya tsage ta ƙasa, wajen da haruffa ke fitowa ba ya jin taɓi. Wata huɗu da suka wuce Malama Binta, wadda ke duba aikina, ta ara min kibod ɗinta, wanda ake maƙala wa tabilet a naɗe shi ta baya. Ana gobe zan tafi ta ce, “Zulai, Litinin ki dawo min da shi, Talata zan yi tafiya kuma da shi nake aiki.” Na ce to. Na gaya mata zan je wajen kakata, amma ban gaya mata a wace ƙasa kakar take ba. Ba ta tambaya ba, ni kuma na kasa ƙarawa.

Kawu Isuhu, ƙanen mahaifiyata mai fataucin albasa, shi ya zo Katsina ya tafi da ni. Mun bar tasha ƙarfe bakwai da rabi a cikin wata tsohuwar mota, mu huɗu a baya. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar garin Riko, mai kai atamfa Maraɗi, wadda kafin mu fita gari ta san sunana da na babana da dalilin da ya sa ban yi aure ba, duk daga bakin Kawu. Shi Kawu ba ya yin shiru. Ya san kowane shinge a hanyar, ya san wanda matarsa ta haihu a cikin masu tsaron, har barka yake miƙawa ta taga.

A Magama aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'in teburin dattijo ne, ƙafar tabaransa ɗaya ɗaure da zare. Ya buɗe jakata ya ga tabilet, ya ga kibod a cikin jakar yadin da na ɗinka masa. Ya zaro shi ya jujjuya.

“Sabo ne?”

“A'a Baba, na aro ne.”

“Ai kuwa kamar yau aka fito da shi daga kanti.”

Laifina ne wannan. Kullum sai na goge shi da auduga, har tsakanin maɓallan.

Ya ce, “'Yata, bari in sauƙaƙa miki. Duk abin lantarkin da za ki fita da shi, rubuta shi a takardar nan da lambar da kamfani ya buga masa, in sa miki hatimi. In kin dawo a duba, lamba ta yi daidai, ki wuce. In babu lamba, wanda ya ga abin nan zai ce can kika saye shi, dole a ajiye har mai shi ya zo da rasit.”

Na rubuta lambar tabilet ba wahala. Na juya kibod. Bayansa ruwan toka ne mai haske, lambar tana can kusurwar ƙasa ta dama, baƙaƙe ƙanana guda goma sha biyu. Takwas na farko suna nan raɗau. Huɗun ƙarshe babu su. Wajen ya yi sumul, har ƙyalli yake.

Na tuna sarai ranar da Malama ta ba ni shi na ga lambar a cike. Har na ce zan kwafe ta a littafina, sai aka kira salla na manta. Ni da nake rubuta ranar da na sayi biro.

Na karkata shi wajen haske. Na kusantar, na nesantar. Direba ya leƙo ya ce takwas ne da uku da wani abu. Hajiya 'yar Riko ta karɓa ta goga da gefen mayafinta ta ce ita biyar take gani sau biyu. Kawu ya raɗa min, raɗar da duk layin suka ji, “Ke rubuta ko mi, wa zai gane?”

Na ce, “Kawu, ban gani ba.”

“Shi ma bai gani ba.”

“To me zan rubuta?”

Jami'in ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi Kawu. Ya karɓi biron ya rubuta takwas ɗin da kansa, sannan ya zana ƙananan akwatuna huɗu a gabansu, ya buga hatimi.

“Yaushe za ki dawo?”

“Lahadi, in Allah ya so.”

“Ina nan har Lahadi. Ki zo min da abin da za a sa a gidajen nan huɗu, kuma in gan shi da idona a jikin abin. In ba haka ba zai kwana a nan, ba don ina zarginki ba, aikin ke nan.”

Na yi godiya. A raina kuwa Malama Binta nake gani ranar Litinin, ina tsaye a ƙofar ofishinta hannu wofi, ina bayanin yadda kayanta ya ƙetare iyaka ba da saninta ba.

Ɓangaren Nijar bai ɗauke mu lokaci ba. Wani jandarma siriri ya duba katina, ya kira ni madmazel, ya tambayi Kawu farashin albasa. Abin da na fara lura da shi shi ne yadda Hausar ba ta canja ba amma kayan cikinta sun canja. Wutar lantarki ta koma kuran, makaranta ta koma lakwal, acaɓa ya koma kabu-kabu. A Ɗan Isa muka tsaya karyawa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da ƙarfi, mai shayin ya tsaga shi ta tsakiya ya zuba wake da mai. Cizon farko ya yanke min dasashi. Kawu ya ce haka yake yi wa 'yan Najeriya, yana gane su ne. Mai shayin ma ya karɓi kibod ya duba, ya ce rana ce ta cinye lambar. Na ce ban taɓa barinsa a rana ba. Ya ce to zafi ne.

Mun isa gida ana kiran azahar. Kakata, Tasalla, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince zogale. Ƙaramar tsohuwa ce, idanunta ram da kwalli. Na durƙusa na gaishe ta, muryata ta maƙale. Ta ɗago haɓata ta dube ni ta daɗe, sannan ta saki ta juya wajen Kawu.

“Isuhu, wagga ce jikar tawa? Na ce ka kawo min 'yar birni mai baki, ka kawo min kurma.”

“Tana magana, Inna. Da na'ura.”

“To a kunna ta mu ji.”

Matan gidan suka yi dariya, ni ma na yi, kuma daga nan na ji sauƙi. Aka kawo min fura, wadda su ke cewa hura, a cikin kwano mai murfi. Ta fi tamu kauri da yaji, kuma ba sa tambayarka ko ka ƙoshi, ƙarawa kawai suke yi.

A ɗakinta aka sauke ni. Gadon ƙarfe mai rumfa ta bar min, ita ta koma katifa a ƙasa, na yi na yi ta ce gadon ne ke sa mata ciwon baya. Bangon ɗakin cike yake da jeren kwanuka da tasoshi, a can sama kuma wata tsohuwar ƙwarya tana rataye ita kaɗai. An yi mata zane mai kyau kewaye da baki, sai dai waje ɗaya, kamar faɗin kwabo, zanen ya shafe ya yi santsi.

Na ce, “Kaka, wannan ƙwaryar fa?”

“Ƙwarya ce. Ko babu irinta Najeriya?”

“Na ga ba a amfani da ita.”

“Tashi ki yi salla, rana na tahiya.”

Akwai abin da ya kamata in bayyana wa waɗanda suka tashi a gidajen da aka daina wannan. Mahaifiyata ita ce 'yar farin Kaka. Kaka ba ta taɓa kiran sunanta ba tana da rai, kuma mutuwa ba ta canja hakan ba. In zance ya biyo ta kanta sai ta ce “waccan”, ta kawo wani zancen. Na zo da tambayoyi cike da ciki, yaya muryarta take, me take so, da wa na yi kama, amma na ga babu ƙofar shiga. Ita kunya, ni kunya. Sai muka yi ta hirar daddawa.

Ranar Juma'a Kawu ya ce zai kai ni wajen wani mai gyaran waya a kasuwa, wanda a cewarsa ko wayar da mota ta taka yana tayarwa. Mun isa sha biyu da rabi muka tarar da shagon a rufe, da na kusa da shi, da na gaba. Na ɗauka don Juma'a ne. Kawu ya ce ko ba Juma'a ba haka suke, rana in ta take kowa gida yake zuwa ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Na ce a Katsina mai shago ko gyangyaɗi yake a kan benci ba ya rufewa. Ya ce shi ya sa duk kuka rame.

Bayan la'asar muka koma. Mai gyaran mutum ne mai natsuwa, yana da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi. Ya ce wa kibod ɗin kilabiye. Ya haska fitila ta gefe, ya ɗauki hoto da waya ya buɗa shi har ya zama hazo. Ya ɗora farar takarda ya goga fensir a kai, takwas ɗin suka fito, sauran wajen ya yi baƙi kawai. Ya haɗa shi da kwamfutarsa ko lambar za ta fito ta ciki, sunan abin kaɗai ya fito.

Ya ce, “Akwai saura. In na shafa da farce ina jin ɗan rami-rami. Tawadar ce ta fita, kuma ramin ya sha guga. Ta farkon ko ɗaya ce ko bakwai. Sauran ba zan yi miki ƙarya ba.”

Kawu ya ce, “To a samo mata wani irinsa mana, in wancan ya kwana a Magama ta kai wa malamar wannan.”

Mai gyaran ya ɗauko wani daga cikin gilas ya ajiye kusa da nawa. Girma ɗaya, launi ɗaya. Na ɗora yatsuna don in gwada rubuta sunana, sai na ga wani abu daban a allon. Nasu tsarin Faransanci ne, haruffan ba a inda muka saba suke ba. Harafin da ke farkon layin sama a namu, a nasu yana layi na biyu.

Ya ce, “Kullum 'yan Najeriya sai sun ce namu a karkace yake. Mu kuma naku muke gani a karkace.”

Ko da iri ɗaya ne ba zan kai wa Malama abin da ba nata ba in yi shiru. Ban faɗa ba, na dai mayar masa. Kafin mu fita na tambaye shi abin da ke damuna tun Magama, me ya goge lambar, kuma me ya sa huɗun nan kaɗai. Ya ce wataƙila jakar yadin ce ke gugarsa. Na ce da jaka ce da duka za ta goge. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Sai Allah, madmazel.”

A hanyar komawa muka hau kabu-kabu biyu. Nawa ya bi ta wani lungu mai yashi, tayar ta nutse, muka kwanta a hankali kamar an shimfiɗa mu. Ban ji ciwo ba domin hannuna biyu suna rungume da jaka, ban ko kare fuskata ba. Mai babur ɗin ya tashi yana kakkaɓe ni da hularsa yana tambaya ko jariri ne a ciki.

Asabar na yi aikin da ya kawo ni. Matar Kawu ta tara min matan unguwa bakwai a tsakar gida. Ina tambaya suna amsawa duk a lokaci ɗaya, suna musu a kan ko miyar da ake yi a gidan wance ta cancanci sunanta. Na cika shafi goma sha ɗaya. Aka yi dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, aka kawo soyayyar fara da yaji a faranti. A gida ma ana cin fara, amma ni ban taɓa ci ba. Suka zuba min ido. Na cire ƙafafun ɗaya bayan ɗaya na jera a gefen faranti, wata ta ce ko su ma rubuta su zan yi. Na ci. Tana da daɗi, kuma na ƙara.

Su ma duk sun duba lambar. Kowacce da abin da ta gani, na rubuta duka a bayan littafina, na sami amsa bakwai babu biyu da suka zo ɗaya.

Da suka watse, bayan la'asar, na zauna a bakin ƙofar Kaka da tabilet a cinya, kibod a naɗe ta baya, ina karanta abin da na rubuta. Gaskiya ba karatun nake ba. Gobe Lahadi, kuma akwatuna huɗun nan babu komai a cikinsu. Na fara shirya kalmomin da zan gaya wa Malama, kowanne na ɗauko sai in ji ya yi min nauyi.

Kaka tana gefe tana kallona. Ban san tun yaushe ba.

“Ke kurma. Wai mi kinka ɓatar a jikin allon ga, kwana uku kina yawo da shi gari kamar mai neman magani?”

Ita kaɗai ce ban nuna wa ba. Ba ta yi boko ba, idonta kuma ya yi rauni, na ga babu amfani in dame ta. Na yi mata bayani a gajarce. Ta miƙo hannu. Ba ta ko kalli wajen ba, ta lumshe ido ta bi shi da farcen ɗan yatsanta, sau biyu.

“An huda shi?”

“An ɗan zana, sannan aka sa tawada.”

“Ɗauko min tanduna bisa taga.”

Na ɗauko. Ɗan tandun fata ne da ya yi baƙi don tsufa. Ta zaro maciyin, wato ɗan tsinken sa kwalli, ta dangwalo kwalli, ta shafa a kusurwar har wajen ya yi baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi, kayan aro ne.

Ta ce, “Da, in anka yi biki, kowace mace tasarta taka kawowa. Tasa ɗari, duk iri guda. Kowa da shaidar da ta yi wa tata da ƙusa a gindi. Shekara da shekaru ana wanki da toka, shaida ta shahe, sai faɗa ya tashi. To haka muka yi, mu sa kwalli ko baƙin tukunya. Abin da anka huda ba ya ɓata duka.”

Ta lashi gefen zanenta kaɗan, ta share wajen sau ɗaya, a hankali, kamar mai share wa jariri ido. Baƙin saman ya tafi. Wanda ya shiga ramin ya zauna.

Ta miƙo min. “Ni ban san sunansu ba. Ke karanta.”

Siraran layuka ne kamar gashi, amma suna nan. Bakwai. Sifili. Huɗu. Tara. Na karanta sau uku, na juya shi wajen haske na sake karantawa, na rubuta a littafi, na rubuta a bayan takardar hatimi da fensir, na rubuta a waya. Kawu ya fito daga ɗaki ya leƙa ya ce ai shi tun a Magama ya ce akwai tara a ciki. Bai faɗa ba.

Na ce, “Kaka, na gode. Allah ya ƙara girma.”

“Girman mi, ni da ke kwana ƙasa kin amshe min gado.”

“To me ya goge ta tun farko? Kowa na tambaya bai sani ba.”

Ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi cikin ɗaki, ta mayar da maciyin cikin tandu ta toshe.

“Magariba ta yi. Kora min kajin can.”

Da safe da muka zo sallama ta damƙa min ƙullin kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, sannan ta tura min tandun a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai. Na ce ba na sa kwalli. Ta ce ta gani, shi ya sa idanuna kamar na mara lafiya. Ba ta rako ni ƙofa ba. Na waiwayo daga zaure na hango ta ta koma kan tabarma ta juya mana baya, tana tsince abin da ta riga ta tsince.

A mota na yi dabara. Na ce in na sa kibod a jakar yadi, yadin zai share kwallin. Don haka na riƙe shi a hannu, bayansa yana kallon sama, ban bar shi ya taɓa ko cinyata ba. Daga Maraɗi har iyaka haka na riƙe shi, ina ta maimaita abin da zan ce wa jami'in. In ba shi ne a teburin ba fa? In ya ce bai gani ba fa? Kawu yana gaba yana ba direba labarin faɗuwata a yashi, ya mayar da ita sau uku.

Sha ɗaya saura muka iso Magama. Shi ne a teburin, da tabaransa mai zare. Ya gane ni.

“Mai gidaje huɗu. An samo masu haya?”

Na miƙa masa takarda, na miƙa masa kibod da hannu biyu. Ya juya shi, ya gyara tabarau, ya karkata shi wajen taga. Ya daɗe.

“'Yata, ni dai baƙi-baƙi nake gani, kamar an shafa gawayi. Lamba kam babu.”

Na karɓa na duba. Takwas suna nan. Wajen huɗun ya koma sumul, sai wani dusu-dusun baƙi da ya bazu kewaye da shi. Ban sa shi a jaka ba. Ban ajiye shi ba. Babu wanda ya taɓa shi sai ni. Na ji hawaye yana taruwa, ga layi a bayana, ga direba yana danna ham.

Na ce, “Baba, jiya na gan su. Ga su na rubuta.”

“Na yarda kin rubuta. Ido na ce.”

Sai na tuna abin da ke cikin aljihun jakata. Ni da ko amsa tambaya a aji sai na yi gumi, na tsaya a gaban mutum fiye da ashirin na zaro tandu, na dangwalo kwalli, na shiga yi wa kibod kwalliya. Wata mata a baya ta ce, “Ikon Allah, amarya za a kai?” Aka yi dariya. Na lashi gefen hijabina na share sau ɗaya, a hankali, yadda na ga an yi.

Jami'in ya karɓa. Ya kusantar da shi har ya kusa taɓa hancinsa.

“Bakwai,” ya ce. “Sifili. Huɗu.” Ya tsaya. “Tara.”

Ya juya takardar ya ga abin da na rubuta da fensir tun jiya. Ya ɗauki biro ya cika akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya buga hatimi, ya miƙo min duka biyun.

“Shekarata ashirin da wani abu a aikin nan, yau na fara ganin an sa wa lamba kwalli. Wa ya koya miki?”

“Kakata.”

“Ki gaishe ta. Ki ce in tana neman aiki akwai kujera.”

Malama Binta ta karɓi kayanta ranar Litinin ƙarfe takwas, kuma na gaya mata komai, har ƙasar da ya je. Amma wannan daga baya ne. A ranar, da muka fito daga rumfar muna jiran a gama duba motar, na tsaya a inuwa ina juya kibod ɗin, abin ya ƙi barina.

Na ce, “Kawu, don Allah me ke goge ta? Wata huɗu ina lallaɓa abin nan. Yau ko ƙasa ban ajiye shi ba.”

Tun a teburin na ga yana danne dariya. Yanzu kuma da na dube shi ba dariya yake ba. Ya kama hannuna na dama ya juya shi. Babban yatsana baƙi ƙirin, har cikin farce.

“Tun da munka bar Maraɗi nike kallonki ta madubi,” ya ce. “In ranki ya tashi, yatsan ga ba ya tsayawa, murza yake, ke ba ki ko sani. Kin ga ƙwaryar da ke rataye ɗakin Inna? Ta Yaya ce, uwarki. Ita ma ba ta iya magana gaban mutane. In anka yi baƙi sai ta zauna da ƙwaryar hura a cinya, kanta ƙasa, tana murza bakinta da wanga yatsa har zanen ya tahi. Tun ranar da kinka iso tsohuwa ta gani. Ba za ta hwaɗa miki ba, ɗiyar fari ce. Ni ta kira da asuba ta ce, Isuhu, ka tabbata tandun na jakarta, don yarinyar ga hannun waccan gare ta, ba ta kai Ɗan Isa da lambar.”